Kafin Ka Ce Kwamfutarka Ta Lalace

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti]

 Yau batun kwamfuta za mu yi, musamman wasanni da manhajojin da muke ɗora mata, da dalilin da ya sa wata ke ɗauka wata ke ƙi. Wanda ke da kwamfuta kusa ya jawo ta ya kunna, domin akwai abin da za mu duba tare nan gaba kaɗan.

Wani abu ne ya faru a gidanmu ya sa na zaɓi wannan batu. Ɗan yayana, ɗan aji biyar na sakandare, ya shafe kusan shekara yana tara kuɗi. Asabar da Lahadi yana jiran kantin wani maƙwabcinmu, ya haɗa da barka da sallar da ya samu, mahaifinsa ya cika masa, ya je ya sayo laftof ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Kwamfuta tsaf, ko ƙwarzane babu, ga ɗan tambari kusa da madannai an rubuta Core i7. Dalilin da ya faɗa wa mahaifinsa shi ne gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Dalilin da ke zuciyarsa kuwa ƙwallo ne. So yake ya buga EA Sports FC 24, wasan da aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna a 2023.

Kwana uku da saye, sai ga shi bayan sallar isha'i, kwamfuta a hammata, ido ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Baffa, an cuce ni. Ba ta da kyau." Na ce zauna ka nuna mini. Ya buɗe ya danna wasan. Allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta ɗauki kuka, gefen hagu ya fara huci, jim kaɗan sai ta dawo da mu inda muka fito. Ya sake dannawa, haka dai. Na karɓa na duba cikinta. Lafiyarta ƙalau, kuma mai shagon bai yi masa ƙarya ba, i7 ɗin ce. Sai dai i7 ce ta shekarar 2012, ga shi an ɗora mata wasan 2023.

Na tabbata a cikin masu sauraronmu akwai da yawa da suka taɓa shiga wannan hali, wasu da wasa, wasu da AutoCAD na zanen gine-gine, wasu da Adobe Premiere na tace fim, wasu da SPSS lokacin rubuta kundin digiri. To bari mu shiga cikin kwamfutar mu ga su wane ne ke aikin.

Ka ɗauki kwamfuta tamkar shagon tela ana saura mako guda sallah. Shi telan, mai yanka da ɗinki, shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Teburin da yake shimfiɗa yadi a kai shi ne RAM. Kabad ɗin da ake jibge kayan mutane a ciki shi ne hadis, inda ake adana komai ko da an kashe kwamfuta. Akwai kuma wani mutum a shagon, mai aikin wuya, wanda kekensa daban ne, sana'arsa ma daban. Wannan shi ne katin hoto, abin da ke zana duk abin da idonka ke gani a allo.

Idan tebur ƙarami ne, komai ƙwarewar tela sai ya yi ta naɗe wannan yadi yana mayarwa kabad, yana ɗauko wancan, rabin lokacinsa ya tafi a kai-komo. Abin da ke faruwa ke nan idan RAM ya cika: kwamfuta ta koma aron wuri a hadis, sai ka ga kana danna abu tana jan ƙafa kafin ta amsa. Idan kuma shagon ba shi da mai aikin wuya, telan ne zai riƙa tashi daga kekensa yana yi da kansa. Ƙaramin aiki zai iya, amma a kawo masa babbar riga mai aska takwas, sai aiki ya tsaya. Yawancin laftof ɗin da ke kasuwanninmu, daga Farm Centre a Kano zuwa Computer Village a Ikeja, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. An ƙera su ne don rubutu da lissafi da aika saƙo, ba su da katin hoto mai zaman kansa, ɗan ƙaramin da ke maƙale cikin furosesa suke amfani da shi, shi ma daga RAM yake aron wurin aiki.

Me ya sa wasa ya fi sauran manhajoji buƙatar mai aikin wuyan nan? Saboda fim da kake kallo an riga an ɗauke shi, kwamfuta nuna maka kawai take yi. Wasa kuwa a lokacin da kake bugawa ake zana shi. Ka juya ɗan wasa hagu, dole a sake zana fili da ciyawa da inuwa da 'yan kallo. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, kuma don wasa ya tafi sumul ana son a sake zana su sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan katin ya gaza, ya koma yin 15 ko 10, shi ne za ka ga ɗan wasa yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu mai sauraro, ga abin da na ce za mu duba tare. A madannanka akwai maɓalli mai hoton taga, alamar Windows. Danne shi tare da harafin R. Ƙaramin akwati zai fito. Rubuta waɗannan haruffa: d, x, d, i, a, g. Zan maimaita: d, x, d, i, a, g. Sai ka danna Enter. Shafin da zai buɗe zai faɗa maka sunan furosesarka, da yawan RAM, da irin Windows ɗin da kake kai. Shafi na gaba da shi zai nuna maka sunan katin hotonka. Ka samu takarda ka rubuta su ka ajiye.

Wurin sunan furosesa nake so mu ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mutanenmu sun riƙe i3 da i5 da i7, suna ganin bakwai ta fi biyar ko ta halin ƙaƙa. Amma bayan wannan suna akwai ɗan karan ɗori da wasu lambobi, kuma su ne ke faɗin shekarun abin. A ta ɗan yayana an rubuta i7-3520M. Lambar farko bayan karan, wato 3, tana nufin zubi na uku, na 2012. Wata kuma za ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, na 2017. Wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ƙwaƙwalwa huɗu ke aiki a cikinta, waccan kuwa biyu. Idan lambobin sun kai biyar, ko sun fara da 10 ko 11 ko 12, to biyun farko za ka karanta. Duk ranar da ka je saye, ka tambayi mai shago, "Malam, zubi na nawa ce?" Idan ya amsa, ka roƙe shi ya bari ka danna haruffan nan shida ka gani da idonka. Mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Da ka san abin da kake da shi, saura ka san abin da wasan ke nema. Kowane wasa da kowace babbar manhaja, masu ita suna wallafa jeri biyu: mafi ƙarancin abin da za ta tashi da shi, da kuma abin da suka ba da shawara don ta yi aiki yadda ya kamata. EA Sports FC 24 yana neman RAM giga 8 a mafi ƙaranci, da fili giga 100 a hadis, da katin hoto irin GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia ko makamancinsa. Ta yaron nan giga 4 gare ta, katinta kuma Intel HD 4000. Da ya karanta wannan jeri kafin ya fita kasuwa, da minti biyar sun ishe shi ya gane. Ka duba yadda abin ya yi nisa: wasan Doom da ya girgiza duniya a 1993, megabait 4 na RAM yake nema. Wasan ƙwallon yau yana neman ninkin wannan sau dubu biyu. Shawarata kuma, kada ka tsaya a jerin farko. Mafi ƙaranci yana nufin wasan zai buɗe, bai yi maka alkawarin za ka ji daɗinsa ba.

To wanda ya riga ya saya fa, ya zai yi? Abu biyu ake iya canzawa a yawancin tsofaffin laftof, kuma duka biyun suna da amfani sosai. Na farko RAM. Ka tabbata ka san irin naka, don DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Na biyu, a cire tsohon hadis mai faifai da ke juyawa a sa SSD. Tsohon yana karanta abin da bai wuce megabait 100 da 'yan kai ba a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa yana kai 500. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa nan take kamar wannan. Amma katin hoto na laftof a like yake, ba a canza shi. Wanda wasa ko tace fim ne babban burinsa, kwamfutar tebur ta fi masa, domin ita ana buɗe ta a zare kati a sa wani.

A cikin wasan kansa ma akwai dabara. Shiga wurin saituna ka rage girman hoto daga 1080 zuwa 720, ɗigon da za a zana ya ragu da fiye da rabi. Ka kashe inuwa, ka rufe Chrome da sauran abubuwan da ke buɗe a baya. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga jerin duk abin da ke cin RAM ɗinka. Ka kuma jona caja lokacin wasa, don laftof na rage ƙarfinta da gangan idan tana kan batir.

Wata matsalar kuma ba ta ƙarfi ba ce. Ka danna wasa, sai ƙaramin akwati ya fito ya ce ba a ga wani fayil ba, sunansa na ƙarewa da d, l, l. Waɗanda aka fi gani su ne d3dx9_43 da msvcp140 da vcruntime140. Mutane da yawa daga nan sai su ɗauki kwamfuta zuwa wurin mai gyara a yi mata fomatin, a share komai. Babu buƙata. Waɗannan fayiloli kamar zare da allura ne da manhajoji da yawa ke amfani da su tare. Na farkon yana cikin kunshin DirectX, sauran biyun suna cikin kunshin Visual C++, kuma duka kyauta ne a shafin Microsoft. Daga can kaɗai za ka sauke su. Kada ka je shafukan da ke raba fayil ɗin ɗaya-ɗaya, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Idan kuma tsohuwar manhaja ce ta zamanin Windows XP ta ƙi tashi, danna ta da maɓallin dama na linzami, shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi tsohon Windows ɗin da ta saba da shi. Sau da yawa shi ke nan.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, yanzu mun zo wurin da ya fi damuna a duk wannan batu, wato manhajar da aka fasa, wadda muke kira kirak. Kowa ya san yadda abin yake. Ka kai kwamfuta shago, a jona babban hadis, a loda maka wasanni goma da Office da CorelDRAW da Photoshop a kan kuɗi kaɗan. Na san dalili, kuma ba na raina shi. Kuɗin manhajojin nan da dala ake biya, wasu ma duk wata, ga tsadar data, ga katin banki da ba kullum yake aiki a shafukan waje ba. Amma ina so ka lura da abu ɗaya. Kusan duk lokacin da za a sa maka kirak, abin da ake fara yi shi ne a kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta. Sannan a ba baƙon fayil ɗin nan cikakken iko a kan komai. Ka sallami mai gadi, ka miƙa wa wanda ba ka taɓa gani ba makullan gida har da na ɗakin ajiya. Wanda ya zauna ya ɓata makonni yana fasa manhaja ya raba kyauta, ka tambayi kanka a ina yake samun nasa.

Ina da aboki mai shagon buga katin biki da kalanda. Wata safiya ya kunna kwamfutar shago, ya tarar duk fayilolinsa sun canza suna, an liƙa wa kowanne wasu baƙin haruffa a ƙarshe, ko ɗaya ba ya buɗuwa. Zanen katunan mutane, hotunan amare, tambarin makarantu da ya shekara biyar yana tarawa. A kowace jaka an ajiye masa 'yar wasiƙa ana neman kuɗin fansa. Kwana biyu kafin nan yaron shagonsa ya sauke wata fasasshiyar manhaja. Na same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa, ga wata baiwar Allah tsaye tana jiran katin bikin 'yarta da saura kwana tara. Irin wannan cuta sananniya ce, ana kiranta STOP Djvu, ta ɓulla a 2018, kuma ta hanyar kirak ta fi yaɗuwa. A shekarun farko masu ita kan nemi dala 980, su ce za su rage zuwa 490 idan an biya cikin awa 72. Abokina bai biya ba, bai kuma samu fayilolinsa ba.

Wannan ma ta fito fili ne. Akwai wadda ba za ka taɓa sanin tana nan ba. Tana kwashe kalmomin sirrin da ka adana a Chrome, na imel da Facebook da na banki, ta aika wa mai ita. Wata kuma tana amfani da kwamfutarka tana haƙo wa wani kuɗin kirifto, kai dai ka ga fanka ba ta hutawa, batir ba ya daɗewa. Kuma ban da haɗari, akwai haƙƙi. Mutane ne suka yi gumi suka rubuta abin nan, kamar yadda 'yan fim ɗinmu suka yi ta kuka lokacin da masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifai.

Hanyar halal tana nan, kuma ta fi yadda ake zato faɗi. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel. GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zane irin na CorelDRAW, Audacity na tace murya, VLC na kallo, 7-Zip na kwance ƙunshi. Ɗalibin da ke neman madadin SPSS ya duba PSPP ko jamovi. A ɓangaren wasa, eFootball na kamfanin Konami, wanda ya gaji PES a 2021, kyauta ake sauke shi. Shagon Steam, da kamfanin Valve ya buɗe a 2003, yana karya farashi sosai sau da dama a shekara, shagon Epic kuma yana raba wasa kyauta duk mako. A watan Mayun 2020 har GTA V suka bayar kyauta. Kuma ko me kake amfani da shi, ka sayi hadis na waje ka riƙa kwafe muhimman abubuwanka, ka zare shi ka ajiye a aljihun tebur. Abin da ba a jone yake ba, cuta ba ta kai gare shi.

Shi kansa Windows yana tsufa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Steam ya daina tallafa masa daga farkon 2024. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, sai dai an daina toshe ɓarakar da ake ganowa. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta irin wannan ɓaraka ta shiga ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali an fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba. Windows 11 kuwa, a ɓangaren Intel, daga zubi na takwas yake farawa, wanda shi ne ƙarin dalilin tambayar nan da na ce ka yi wa mai shago. Mai tsohuwar kwamfuta yana iya sa mata Linux Mint, kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma tun 2018 Steam ya samar da hanyar da wasannin Windows masu yawa ke tashi a kan Linux.

Sai zafi da ƙura, waɗanda mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Furosesa idan ta doshi digiri 100 tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa wasa ke farawa lafiya, bayan minti ashirin ya fara sarƙewa. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo ko darduma, ramukan shan iskarta a ƙasa suke. A sa ta a tebur, a ɗan ɗaga bayanta. Bayan kowane hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya share fanka, ya sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Za ka yi mamakin curin ƙurar da zai fito.

Iyaye kuma, ina roƙon ku leƙa ku ga abin da yaranku ke bugawa. Wasanni suna da alamar shekaru a jikinsu. Na ƙwallo an yi masa lamba 3, GTA kuwa 18 aka rubuta, saboda kisa da batsa da ke ciki, bai dace da yaro ba ko kaɗan. A sa lokaci, kada wasa ya ci sallah ko karatu ko barci. Amma kada a ƙwace kwamfutar gaba ɗaya. Yaron da ya dage sai ya gano dalilin da wasansa ya ƙi tashi, yana koyon abin da wasu ke biyan kuɗi su koya.

Ɗan yayana bai mayar da tasa ba. Mun sa mata RAM ya zama giga 8, mun sa SSD. FC 24 dai har yau ba ta ɗauka, ba kuma za ta ɗauka ba, amma tana ɗaukar tsofaffin wasannin ƙwallo da manhajar gwajin JAMB ba tare da gardama ba. Da hannunsa ya kwance murfin ya sa RAM ɗin, ina tsaye ina haska masa da fitilar waya. Makon jiya ya kira ni ya ce, "Baffa, abokina zai sayi wata, an ce masa i5-6300U ce. Zubi na shida ke nan ko?" Na ce haka ne. Ya ce to zai raka shi kasuwar ranar Asabar su duba katin hoton.

Nan za mu dakata a yau. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta ba tare da wahala ba. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]